Tsinke a Cikin Kek

A gidan Don Fidencio, direban tasi a garin Minatitlán, an daina kiran Dalia da sunanta tun ranar da ta cika shekara goma sha huɗu. Majina ake ce mata. Yayanta Ulises ne ya raɗa mata sunan, uwarta ta yi dariya har da riƙe ciki, ubanta ya ce yaron nan akwai barkwanci, shi ke nan suna ya bi yarinya.

Yadda abin ya faro ba baƙon abu ba ne a wurinmu. In an gama rera wa mai biki waƙa ya hure kyandir, sai jama'a su hau tafi suna "Ciza! Ciza!", shi kuma ya sunkuya ya gatsi gefen kek da baki, wani ya lallaɓo ta baya ya dangwara masa fuska a ciki. A yi dariya, a goge, a yanka a raba. Duk an yi mana haka. Amma Ulises ba dangwarawa ya yi ba. Danne mata ƙeya ya yi kamar mai tsoma kaza a ruwan zafi, ɗaya hannun kuma yana riƙe da waya. Da ya sake ta, ta ɗago tana shaƙuwa, kirim ya toshe mata hanci, hawaye da majina suna dalala har haɓa, tana kiran "Mama" ba mai ji saboda shewa. Kafin a gama wanke faranti fuskar nan ta zama sitika a guruf ɗin dangi, kafin Litinin kuma ta riga mai ita zuwa makaranta.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. 'Yan ajinsu ba su ƙirƙiri komai ba, abin da aka dafa a gida suka tarar suka ci. Ta shiga aji ta iske an tara mata tishu a kan tebur. In malama ta ce ta tashi ta yi karatu, sai wani daga baya ya ja hanci da ƙarfi, aji ya ɗauka gaba ɗaya. Suka buɗe guruf mai suna "Masoyan Majina" suka saka ta. Ta fita, suka mayar da ita. Ta sake fita, suka sake mayarwa.

Ta kai kukanta wurin uwarta. Doña Chabela tana bayan gida tana naɗe tamal, wani irin alalen masara, a ganyen ayaba, wanda take kaiwa bakin tashar mota da yamma.

"Mama, don Allah ki ce Ulises ya goge."

"Ya goge me?"

"Bidiyon nan. A makaranta kowa..."

"Ke dai, Majina, kin cika ɗaukar abu da zafi. Miƙo min ganyen can. Wasa ne fa. Ni da aka yi min nawa har ɗan kunnena ya ɓace a cikin kek, wa na kai wa ƙara? Wanda ba a so ai ba a tsokanarsa."

"Mama, ba na so."

"To ki so mana. In kika nuna kin ji haushi ƙarawa za su yi. Ki yi dariya tare da su, gobe su manta."

Ba su manta ba. Yadda za su manta, alhali duk wanda ya faɗi abin dariya a guruf ɗin dangi, fuskar Dalia ake tura masa a madadin amsa? Kawu ya tura, goggo ta tura, ita kanta Doña Chabela ta fi kowa turawa.

A ajin akwai wata yarinya, Briseida, mai jan tabon haihuwa da ya rufe mata rabin fuska. In da za a ci zalin wani don kamanninsa, ita ce ta farko a layi. An kuwa gwada. Amma ranar da wani yaro ya ɗauki hotonta, tashi ta yi ta je har kujerarsa ta tsaya masa a ka, ta ce ya goge a gabanta. Ya goge. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara kula ta. Ita kaɗai ce ke zama kusa da Dalia lokacin tara, suna cin yankakken mangwaro da barkono.

"Ta yaya kika iya?" Dalia ta tambaye ta wata rana.

"Iya me? Baki kawai na buɗe."

"Ni in na buɗe ba ya fita."

Briseida ta lashe yatsa. "A gidanmu tun ina ƙarama in na ce ba na so, kakata sai ta ce a tsaya a ji ta bakin yarinya. Har babana tsayawa yake yi. Sabo ne, ƙawata. In kika taɓa cewa a'a aka ji ki, kin san bakinki yana aiki. Fara da yayan nan naki mai kan kwakwa. Ki tsaya, ki dube shi tsakar ido, ki ce masa goge. Gwada a kaina mu gani."

"Goge."

"Haba, wannan ai ko sauro ba zai kora ba. Sake."

"Goge!"

"Yauwa! Kin ga har ni na tsorata."

Dalia ta yi dariya, karo na farko cikin kwanaki masu yawa. Ta koma gida da kalmar a bakinta, tana ta maimaita ta a banɗaki, tana maimaitawa in tana shanya. Ta ji a ranta cewa wataƙila za ta iya.

Ranar Lahadi bayan an dawo daga coci, ana zaune ana cin baƙin wake da soyayyar ayaba, Ulises ya ce, "Majina, miƙo gishiri." Ta miƙe tsaye. Ta dube shi tsakar ido kamar yadda aka koya mata.

"Sunana Dalia. Ka goge bidiyon nan."

Kowa ya ɗago ya dube ta. Na ɗan lokaci ta ɗauka ta yi nasara. Sai Ulises ya zaro waya a hankali ya saita ta.

"Sake faɗa, ranki ya daɗe, kyamara ba ta kama ba."

Doña Chabela ta tuntsire. Ƙaramarsu Mimí, da ba ta san me ake yi ba, ta ga ana dariya ita ma ta kama. Don Fidencio ya ce, "Kai Ulises, bar ƙanwarka mana," amma da loma a bakinsa ya faɗa, kafaɗunsa suna girgiza. Da ya haɗiye ya juyo wurinta ya sassauta murya, irin ta uban da ya gamsu cewa hikima yake zubarwa.

"'Yata, duniya ba ta da tausayi. Ni kullum a kan titi zagina ake yi, kin ga na mutu? Gara ki saba tun daga gida. Yayanki horar da ke yake yi, wata rana za ki gode masa."

Kafin yamma sabon bidiyo ya fita, "Majina ta fusata," an ɗora masa kukan kaza a kan muryarta. Ya fi na farko karɓuwa.

Ni dai a ganina a ranar aka kashe yarinyar nan, sauran duk jana'iza ce. Ba dariyar ce ta yi ɓarnar ba, darasin da ke cikinta ne. Ta gwada da duk ƙarfinta, ta ga sakamako, ta kuma haddace shi: in ta yi magana ba abin da ke canjawa, sai dai a samu sabon abin ɗauka.

Briseida ta ce su je wurin shugabar makaranta. Dalia ta girgiza kai. Briseida ta ce to ita za ta je. Ta je, aka kira yara aka yi musu faɗa, aka aika a kira iyaye. Doña Chabela ta zo da warin hayaƙi a jikinta, ta ce wa shugabar ai ɗanta ne ya ɗauka, wasan gida ne, yarinyar ce dai ba ta da juriya. Shugabar ta sallame su. A hanyar komawa uwar ta yi ta mita an sa ta bar tukunya a wuta saboda shirme.

Daga nan Dalia ta fara janyewa kaɗan-kaɗan. Ta daina cin abinci a tebur, sai an watse ta ɗiba ta ci a tsaye a bayan ƙofa. Ta saki gashinta ya rufe mata fuska. Ta fita daga ƙungiyar mawaƙan coci, inda da ita ke jan baiti. Kowace safiya cikinta ke murɗawa, uwar ta dafa mata ganye ta ce lalaci ne. Ko atishawa ta daina yi a gaban mutane, gudu take yi banɗaki. In waya ta yi ƙara a ko'ina, ko ba tata ba ce, sai ta zabura. Mutanen gidan kuwa yabawa suka yi. Suka ce Majina ta yi hankali, ta daina ƙorafi.

Mimí kaɗai ke sa ta magana. Ita take yi wa kitso, ita take raka wa makaranta, ita ce ke hawa cinyarta ta ɗage gashin ta leƙa ta ce, "Ina kika ɓuya?" Yarinya ce mai manyan idanu da son a kalle ta, ta kuma ƙagu ta cika shekara shida, don an yi mata alƙawarin kek mai hawa biyu.

Goggo Locha, ƙanwar Don Fidencio, ita ke yin kek a dangin. Ranar Asabar ɗin bikin da hantsi aka aiki Dalia ta ɗauko. Gari ya ɗau zafi tun safe, iska ta tsaya cak, irin zafin da ke zuwa kafin ruwan sama. Ta tarar da goggon tana gumi, tana sauri, don za ta garin Acayucan aikin abincin wani ɗaurin aure, mota kuma tana jiranta a waje.

"Riƙe min farantin nan, 'yata. Zafin nan narkar da kirim yake yi, in ban tokare shi ba hawan sama zamewa zai yi kafin ki kai gida."

Ta ɗauko tsinkayen gashin nama, dogaye, ta kafa su a hawan ƙasa, tsininsu yana kallon sama. Ta ɗauki ƙaramin hawan ta zaunar a kansu, ta shafe da kirim mai ruwan hoda, ta jera furannin sukari. Ba mai cewa akwai wani abu a ciki.

"Ki gaya wa mamarki, kafin a yi cizo a zare tsinkayen nan. Kin ji ko? Kada ki manta."

"To, Goggo."

Direba ya danna hon, goggon ta suri jakarta ta fita.

Dalia ta taho a hankali da kek a hannu, tana maimaita saƙon a ranta. A kicin ta tarar da mata cike, ana suya, ana hira, rediyo yana ta yi. Ulises yana kan kujera yana ɗaura balan-balan. Yana ganinta ya diro ya zaro waya.

"Jama'a ku zo ku gani! Majina ta haɗu da tsohon abokin gabarta!"

Kicin ya ɗauki shewa. Wata goggo ta ce a ba ta tishu tun yanzu. A cikin wannan hayaniyar Dalia ta sunkuyar da kai, ta bayan gashinta ta faɗi saƙon. Ta faɗe shi duka, amma da muryar da aka bar mata.

"Me kike ƙunƙuni?" in ji Doña Chabela tana share hawayen dariya. "Sa shi a firji ki ba ni wuri."

Ta sa. Ta koma gefe. Ta ce a ranta bari mutane su ragu, ta zare tsinkayen da kanta. Da kicin ya yi sauƙi ta lallaɓa ta buɗe firji, ta kai hannu tana laluben inda suke. Sai ji ta yi uwarta ta make mata hannu.

"Ke wace irin yarinya ce? Don an yi miki wasa sai ki ɓata wa ƙanwarki nata? Baƙin ciki kike yi da ita?"

"Mama, akwai..."

"Akwai ƙaniyarki. Fita!"

Ulises yana bakin ƙofa, waya a sama. Ta bi ta gefensa ta fita. Tana wucewa ta ji yana ce wa wani ɗan kawunsu, "Yau akwai kashi na biyu. Majina ƙarama."

Ta zauna a bayan tankin ruwa tana lallashin kanta. Mimí ƙarama ce, ba zai danna da ƙarfi ba. Gajeriya ce, gefen hawan ƙasa za ta ciza. Wataƙila Mama ta ji, ta dai ƙi nunawa ne. Wataƙila Goggo za ta kira. Ta ɗauko waya ta rubuta wa uwarta saƙo, ta tuna yadda ake karanta saƙonninta da ƙarfi a tebur, sai ta goge.

Da yamma tsakar gida ta cika. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin ta wajen kogi, wutar matatar mai tana ci ja a ƙarƙashinsa. Yara suka fasa tukunyar alewar da aka rataya musu suka yi wawaso. Aka fito da kek aka ɗora a tebur, aka kunna kyandir. Mimí ta fito cikin rigarta mai baza, da kambin roba a ka, tana washe baki. Ta yi ɗage ba ta kai ba.

"A ɗora ta a kan kujera mana, ta fito sosai a hoto," in ji Ulises.

Aka ɗora ta. Yanzu fuskarta tana daidai saman hawan sama. Aka yi waƙa, ta hure kyandir, aka cire kyandir ɗin. Ulises ya zagaya ya tsaya a bayanta.

"Ciza! Ciza! Ciza!"

Dalia tana tsaye a jikin bango. Tsakaninta da tebur ba nisa, taku kaɗan ne. Ta ga Mimí ta kai hannuwa baya tana sunkuyawa. Ta ga hannun Ulises yana tasowa. Ta ji muryar Briseida a kanta tana cewa sake, sake. Ta buɗe baki ta ce, "Ku tsaya." Wata 'yar goggonsu da ke kusa ta ji motsi, ta juyo da wayarta ta saita ta tana murmushi, tana jiran abin dariya. Dalia ta ga idon kyamarar nan, sai ta sunkuyar da kai.

Ulises ya danna.

An yi shewar kamar kullum, har da tafi. Sai aka ga Mimí ba ta ɗago ba. Da ta ɗago, hawan sama ya biyo fuskarta. Ƙarar da ta yi ba irin wadda ake ɗora wa kukan kaza ba ce. Kirim mai ruwan hoda ya fara rinewa ja ta gefen hagu, kambin roba ya faɗi ƙasa, ruwan sama ya sauko.

A tasin Don Fidencio aka kai ta asibiti. Likita ya fito ya ce za su shiga da ita tiyata, za ta rayu, amma idon hagu ba ya yi musu alƙawari. Dangi suka jeru a baranda, jiƙe sharkaf, wasu da hular takarda har yanzu a ka. Nan take kowa ya fara neman inda zai sauke kayansa. Ulises yana kuka yana cewa shi bai sani ba, ai kowa yana yi. Don Fidencio ya ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Wata ta ce laifin mai kek ne, wa ke sa tsinke a abincin yara? Aka kira Goggo Locha aka sa ta a sifika, muryarta ta cika barandar tana rusa kuka.

"Na faɗa! Na rantse da Uwa Maryamu na faɗa! Na ce wa Dalia ta gaya wa Chabela a zare!"

Duk suka juyo suka dubi Dalia.

Ina so wanda ke da 'ya'ya ya tsaya a nan ya dubi barandar nan da kyau. Mukan ce yaran waje ne ke lalata mana yara, mukan zagi waya, mukan zagi zamani. Amma yaron da ke iya tsayawa ya ce a bari, a gida ya fara faɗa aka bari. Wanda kuma aka mayar da a'arsa abin nishaɗi a teburin cin abinci, kada a yi tsammanin zai same ta a bakinsa ranar da wuta ta kama. Gidan Don Fidencio sun ɗauki watanni suna koya wa yarinya cewa muryarta ba ta tsayar da komai. Ta kuwa koya, don yarinya ce mai ɗaukar karatu.

Doña Chabela ta taso a hankali, rigarta duk jini da kirim. Ta tsaya a gaban 'yarta ta kama kafaɗunta.

"Dalia." Rabon da ta kira sunan har an manta. "An ba ki saƙo? Kin sani? Me ya hana ki magana? Ba ki da baki ne?"

Dalia ta kai hannu aljihu. Ta zaro wayarta ta buɗe guruf ɗin dangi. Ulises ya riga ya tura bidiyon kicin tun da rana. Ta ƙure ƙarar ta miƙa.

Shewa ta cika barandar asibitin, da muryar goggon da ke cewa a ba ta tishu, da dariyar Doña Chabela a saman ta kowa. A ƙarƙashin duk wannan, siririya amma ba abin da ya ɓace a cikinta, aka ji muryar yarinya: "Mama, Goggo ta ce akwai tsinke a ciki, a zare kafin a yi cizo."

Bidiyon ya ƙare ya sake farawa da kansa. Ba wanda ya iya kai hannu ya kashe. A ƙasansa amsoshin dangi ne a jere, kowa ya tura fuskar nan mai hawaye da majina. Ta farko a layin daga wayar Doña Chabela ta fito.